Layuka Biyu na Sama

Ruwan da aka kwana ana yi bai ɗauke ba har gari ya waye, sai dai ya koma yayyafi mai sanyi. Tartsatsi yana zaune a ƙarƙashin rumfar kwanon garejinsa, yana feƙe bakin wata waya da haƙori, sai ya ji hayaniya tana tahowa daga wajen tasha. Gyaran wayarin mota ne sana'arsa. Sunan kuma ya samo shi ne tun yana koyon aiki, ranar da ya haɗa kan batir da sifana ya ƙone gashin girarsa. Ya daɗe a bakin tashar nan, ya san hayaniyar rigimar fasinja, wadda ake yi ana dariya a ciki. Wannan babu dariya a cikinta.

Mota ce ake turowa, ba tuƙa ta ake yi ba. Doguwar farar mota mai ƙofa a baya, wani ɗan kamasho ya zura hannu ta taga yana murɗa sitiyari. Tartsatsi ya gane ta tun kafin ta kawo kwana, domin motar ƙanensa ce, Auta. Fitilar bayanta ɗaya ta fashe, bamba ta lotsa.

A bayan motar aka jawo Autan. An yaga masa riga har cibiya, takalminsa ɗaya ya ɓata a hanya, bakinsa ya kumbura jini yana bin gemunsa. Wanda ya riƙe masa wuya kuwa Mahauci ne, babban ɗan Baba mai wanki.

Babu wanda bai san Baba mai wanki ba a tashar. Tsoho ne gajere mai ciwon kafaɗa, ya tsufa yana wanke motocin haya da bokiti da soso. A wuyansa kullum akwai igiya, a jikin igiyar akwai 'yar guntuwar wuƙa mai giɓi a baki, wadda Mahauci ya yanko masa daga karyayyar wuƙar fawa. Da ita yake kankare kashin tsuntsu da cingam da duk abin da soso ya kasa. 'Ya'yansa maza biyu ne, Mahauci da ƙanensa ɗan dako, wanda ake kira Ƙarami ko da yake ya fi yayan nasa tsawo. Ƙaramin yana tafe a gefe, riƙe da ƙarfen kwance taya.

Mahauci ya wurgar da Auta cikin taɓo a bakin rumfar.

"Kai ne mai waya?"

"Ka san ni ne," in ji Tartsatsi. Ya miƙe a hankali, ya ajiye wayar. "Me ya yi?"

Babu wanda ya ba shi amsa sai mai faci, maƙwabcinsa, wanda ya biyo taron tun daga tasha yana haki. Ya matso kusa da kunnensa.

"Ya yi baya ne zai fita daga layi. Baba yana tsaye jikin katanga ya fake wa ruwa. Motar ta matse shi da katangar. An tafi da shi asibiti, amma wallahi ƙirjin bai yi kyau ba."

Ƙarami ya sa ƙafa ya haure Auta a ciki. "Maimaita abin da ka ce! Maimaita a gabansa, shege!"

Auta ya naɗe kamar tsumma. Bai ɗaga kai ya dubi yayansa ba. "Gilashin baya ya yi gumi," ya ce da muryar da ba ta fita sosai. "Mota cike da mutane, ga sanyi. Na danna hitar gilashin ba ta kama ba. Ban ga komai ba. Yaya ne ya gyara mini ita kwanan nan."

Gaskiya ne, Tartsatsi ne ya gyara. Kan wayar da ke kai wuta jikin gilashin ne ya ɓalle, ya like shi da dalma, ya gwada, gilashin ya yi ɗumi a tafin hannunsa. Ya tuna har da abin da ya gaya wa Auta a ranar: kada ka bari ƙarfe ya taɓa cikin gilashin nan, ruwan ɗumi da tsumma kawai.

"To ka ji," in ji Mahauci. Shi ba ya ɗaga murya, abin da ya fi ba Tartsatsi tsoro ke nan. "Shi ya ce kai ne. Ni ban san waya ba, nama na sani. Za ka duba ta yanzu a gabana. In aikinka ne ya lalace, hannun da ya yi aikin ba zai sake yin wani ba. In kuma ƙalau take ƙarya ya yi mana, to ka nemi wani ƙanen."

"A kira 'yan sanda mana, bawan Allah."

Ƙarami ya ɗaga ƙarfen ya sauke shi a kan teburin aiki. Kwalaben ruwan batir suka tarwatse, gwangwanin kusoshi ya kife. "Ga ɗan sanda nan a hannuna."

A bayan taron wani ya fara mirgino tsohuwar taya daga cikin tarin mai faci. Wani kuma yana riƙe da gorar fetur, yana ɓoye ta a gefen cinyarsa kamar mai jin kunya. Mai faci ya ruga ya ƙwace tayar, ya mayar, ya hau saman tarin ya zauna ya baje ƙafafu.

"Kayana ne," ya ce. "Duk mai son taya ya je ya ciro ta motar ubansa."

Ba wanda ya yi dariya, amma an bar masa tayar.

Tartsatsi ya ɗauki fitilar gwajinsa, wadda ba komai ba ce illa ƙwan fitilar mota da waya biyu, ɗaya da maƙali ɗaya da tsinin ƙarfe. Ya buɗe ƙofar direba ya durƙusa a ƙarƙashin sitiyari. Kullum daga fis yake farawa. Yau kuma ya fara da shi yana roƙon Allah a zuciyarsa ya same shi a ƙone. Fis ba ɗan kowa ba ne. Yana ƙonewa ne kawai in ya ga dama, ba a tambayar wa ya sa shi, ba a dukan kowa a kansa. A aljihun wandonsa ma akwai wani ƙonanne da ya cire daga wata mota jiya, launi ɗaya, girma ɗaya. Yatsunsa har sun fara neman bakin aljihun.

Gwiwar Mahauci ta danne masa gwiwar hannu.

"Hannunka a fili, malam. Ciro ka ba ni."

Ya ciro ya ba shi. Mahauci ya ɗaga fis ɗin sama yana kallonsa ta cikin hasken safiya.

"Me zan gani?"

"Akwai ɗan siririn ƙarfe a tsakiya. In ya tsinke, ya ƙone."

"Bai tsinke ba."

"To ƙalau yake."

Aka mayar da shi. Tartsatsi ya murɗa makulli, injin ya tashi da tari. Ya ce a yi shiru, aka ƙi, sai da Mahauci ya juya ya dubi mutane sannan aka yi. Ya ɗora yatsa a kan rile, ɗan baƙin akwatin da ke sakin wuta, ya danna maɓallin hita. Rilen ya ce ƙas a ƙarƙashin yatsansa, 'yar fitilar maɓallin ta kama. Ya kashe ya sake kunnawa. Ƙas.

"Wannan ma?"

"Wannan ma ƙalau."

Saura aikinsa. Ya zaga bayan motar, taron ya buɗe masa hanya kaɗan ya sake rufewa. Ya wuce ta kusa da Auta, ya ji yana numfashi da ƙyar ta baki. Tunani ya zo masa cewa in ya sa babban yatsa ya ɗan tura kan wayar nan, dalmar za ta ɓalle, ba wanda zai gani. Sai ya ce aikinsa ne ya saki. Auta ya tsira. Shi kuma a ɗora hannunsa a kan wannan teburin. Ya dubi hannun, ya tuna bakunan da yake ciyarwa a gida, ya tuna kuma uwarsu da ta damƙa masa Auta tana kan gadon ciwo. Bai gama auna su ba ya isa ƙofar baya.

Ya ɗaga ta. Ya maƙala waya ɗaya a jikin ƙarfen mota, ya kai tsinin kan dalmarsa. Ƙwan ya kama, fari tas, har yana haska fuskar Mahauci. Ya duba ɗaya gefen, inda wutar ke komawa jikin mota. Nan ma daram.

"Aikina yana nan," ya ce.

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Bakinsa ne ya yi ta da kansa, bakin mutumin da ya saba kare aikinsa a gaban masu mota. Taron kuwa ya ɗauke ta kamar an ba da izini.

"Maƙaryaci ne! Bai ma danna ba!"

Suka auka wa Auta. Tartsatsi ya ga ƙafafu suna tashi suna sauka, ya ji ƙarar takalmi a kan haƙarƙari, wani ya kama gashin Auta ya buga fuskarsa da ƙasa. Mutum biyu suka jawo mai faci daga kan tarinsa suka yar, taya ta mirgino. Warin fetur ya tashi ya danne warin ruwa.

"Ban gama ba!" Tartsatsi ya kama rigar Mahauci da hannu biyu. "Wallahi ban gama ba! Wuta ta iso gilashi, amma taɓa ka ji. Taɓa mana!"

Mahauci ya dube shi kamar zai mare shi. Sannan ya ɗora tafinsa a tsakiyar gilashin, ya bar shi a nan.

"Da sanyi."

"Tun ɗazu take kunne. Da tana aiki da yanzu ya yi ɗumi. Bai yi ƙarya ba, ba ta kamawa. Saura mu san dalili."

Mahauci ya juya ya kutsa cikin mutane, ya kama wuyan rigar wani ya jefar, ya ture wani da kafaɗa. Ya zare tayar da aka riga aka zura wa Auta a wuya, ya ajiye ta a gefe, ba nesa ba.

"Ba wanda zai taɓa shi sai na ce. Ubana ne ba naku ba. Ƙarami, tsaya a kansa."

Aka kwantar da kujerar baya. Tartsatsi ya shiga ya durƙusa, Mahauci ya bi shi, aka sauke ƙofar. Wurin ya yi musu kaɗan, kafaɗa na gugar kafaɗa. Mahauci yana warin jiƙaƙƙen tufafi da kitse. Cikin ɗan lokaci numfashinsu ya rufe gilashin da gumi, mutanen waje suka zama inuwa.

"Ka ga siraran layukan nan da suka ratsa gilashin daga gefe zuwa gefe?" in ji Tartsatsi. "Su ne hitar. Ba waya ba ce, fenti ne mai ɗaukar wuta, a ciki yake. Wuta tana shiga ta nan, ta bi kowane layi ta fita ta can. In layi ya yanke ko da faɗin gashi ne, ya mutu."

Ya ciro takardar azurfa ta kwalin sigari ya naɗe tsinin da ita, don kada ya ƙara wa gilashin rauni. Ya miƙa hannun hagu ya dafa saman gilashin don ya daidaita zamansa.

A nan ya ji ɗumi.

Kaɗan ne, kamar goshin yaro mai barci. Ya ɗaga ido ba tare da ya ɗaga kai ba. Layuka biyu na can sama suna aiki. Gumin da ke kewaye da su ya fara janyewa, ya bar wata 'yar tsaga mai faɗin yatsu uku, fes. Ta cikinta yana hango katangar gareji, da kawunan mutanen da ke tsaye a bayan motar, har da hular mai faci da ta karkace. Kan mutum a tsaye, jikin katanga. Da Auta ya danna ya ɗan jira kaɗan, da ya ga hular Baba.

Bai cire hannun ba. Ya kwantar da damtsensa gaba ɗaya a kan tsagar, kamar mai neman abin dafawa.

"Karɓi," ya ce, ya miƙa wa Mahauci tsinin. "Kai za ka yi, don kada a ce na yi dabara. Fara daga wannan." Ya nuna masa layi na uku. "Ja shi a hankali. Idonka a kan ƙwan."

Mahauci ya ja. Ƙwan yana ci, yana ci, da suka kusa tsakiya ya mutu ɗif.

"Koma baya kaɗan."

Ya kama.

"Gaba."

Ya mutu.

"A nan ya yanke. Sauka na ƙasa."

Na ƙasan ma haka, sai dai ya ɗan fi gaba. Na ƙasansa haka. Mahauci ya daina jiran umarni, ya yi ta bi ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, ko'ina ƙwan yana mutuwa a hanya. A waje Ƙarami yana buga rufin motar da tafi.

"Yaya, me kuke yi ne? Barci?"

"Me ya yanka su?" in ji Mahauci a hankali.

Tartsatsi ya share gumin wurin da gefen hannun damansa, sannan ya matsa baki ya hura wa gilashin huci. Sabon gumi ya kwanta siriri, sai ƙujewar ta fito fili. Dogayen zane ne a karkace, daga sama zuwa ƙasa, sun cika gilashin. Kowane zane kuma biyu ne a jere, kusa da kusa, da ɗan fili a tsakaninsu inda bakin ƙarfen bai taɓa ba.

"Da akwai baƙar leda a jiki, tinti," in ji Tartsatsi. "Ranar da na yi gyara tana nan. An ɓare ta, aka kankare gam ɗin."

Mahauci ya sa farcen babban yatsansa ya bi zane ɗaya daga sama har ƙasa. Ya sake bin wani. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana wasa wuƙa, ya san kowane baki da irin sawun da yake bari. Wannan giɓin kuwa shi ya yi shi, ranar da wuƙar ta ci ƙashi ta karye.

"Wa ya ɓare?"

"Ba na wurin."

"Na ce wa ya ɓare?"

"Ba na wurin, ɗan'uwa. Abin da gilashi ya nuna shi na nuna maka."

Damtsen Tartsatsi ya fara yi masa zafi a kan layukan nan biyu. A jikin fatarsa yana jin busasshen gam da ya rage a can sama, inda kafaɗar tsoho ba ta iya kaiwa. Ya tambayi kansa ko abin da yake yi ƙarya ce. Bai faɗi kalma ɗaya da ba gaskiya ba. Amma ya san in da gaskiya kawai yake nema, da daga layin farko ya ce a fara.

Wayar salula ta yi ƙara a waje. Aka ji muryar Ƙarami yana cewa, "Na'am, Yaya babba, muna nan," yana magana da yayarsu da ke asibiti. Sai wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, irin wanda ba a koya wa mutum. Wani a cikin taron ya fara salati.

Tartsatsi bai san yadda ya fita ba. Ya dai tuna ya haura kujera, ya faɗo ta ƙofar gefe da gwiwa. Ƙarami ya riga ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu, Auta yana kwance yana kallonsa da ido ɗaya da ya rage a buɗe. Tartsatsi ya faɗa a kan ƙanensa, ya rufe masa kai da hannun hagu.

Ƙarfen ya sauka a bayan hannun. Ya ji ƙarar kafin ya ji zafin, kamar an taka busasshen kara. Duka na biyu ya same shi a kafaɗa. Ƙafafu suka dawo, yanzu su biyu ake haura. Fetur mai sanyi ya zubo masa a ƙeya ya bi bayansa. Wani yana ihu a kawo ashana, wani yana cewa ta jiƙe.

Duka na uku bai zo ba. Ya juya kai ya ga Mahauci ya riƙe ƙarfen a sama, shi da ƙanensa suna ja.

"Sake ni, Yaya! Ya kashe Baba! Sake ni!"

"Saki ƙarfen."

"Kai ma nasu ne? Me suka ba ka a ciki?"

Mahauci ya kai masa karo da goshi a kan hanci. Ƙarami ya zube zaune cikin taɓo, jini ya ɓalle masa, ya buɗe baki yana kuka kamar yaro. Mahauci ya juya da ƙarfen a hannu, mutane suka ja da baya. Ya tako zuwa bayan motar, ya tsaya yana kallon gilashin. Sannan ya ɗaga ya maka.

Gilashin ya yi fari gaba ɗaya, ya tsaya a haka kamar yana shawara, sannan ya zube. Mahauci bai tsaya ba. Ya bi gefe-gefe yana dukan abin da ya maƙale a jikin roba, sama da ƙasa, har bai bar ko ɓarɓashi ba. Waya biyu kawai suka rage suna lilo.

Ya juyo yana haki.

"Gilashin ne," ya ce. "A mace yake. Da hannuna na gwada. Ba aikin wannan ba ne, wancan kuma bai yi ƙarya ba."

"To shi ke nan Baba ya tafi a banza?" in ji wani daga baya.

"Fito ka faɗa a nan." Ba wanda ya fito. Mahauci ya nuna mai gorar fetur da bakin ƙarfen. "Kai kuma in ka ƙyasta wani abu, kai zan fara sawa a ciki. Ku watse. Mai son Baba ya bi mu asibiti."

Ruwan ya ƙaru, ya fara dukan kwano da ƙarfi. Wannan ya taimaka. Mutane suka fara zamewa bibbiyu, suna gunaguni, suna rufe kai da hannu. Mahauci ya yar da ƙarfen, ya kama ƙanensa ta hammata ya ɗaga shi, ya share masa hanci da gefen rigarsa. Har sun fara tafiya ya tsaya, ya dawo inda Tartsatsi yake zaune rungume da hannunsa. Ya sunkuyo yadda ba wanda zai ji.

"Abin da ka gani a jikin gilashin nan."

"Babu gilashi yanzu."

Mahauci ya gyaɗa kai. Bai tashi ba tukuna.

"Ka daɗe da hannu a can sama."

Tartsatsi ya dube shi cikin ido. "Wurin ya yi mana kaɗan."

"Haka ne," in ji Mahauci. "Ya yi kaɗan." Ya miƙe ya bi ƙanensa.

Mai faci ya kawo bokitin ruwa ya sheƙa musu don fetur ɗin ya fita. Ya yaga tsohon tsumma ya ɗaure wa Tartsatsi hannun da guntun katako, yana tsaki. Yatsu biyu sun juya inda ba a juyawa.

"Ka gode wa Allah na hagu ne," ya ce. "Ko da yake da irin aikinka, ko duka biyun ne ba a yi asara ba."

Tartsatsi ya so ya yi dariya, haƙarƙarinsa ya hana.

Auta ya jawo jiki ya jingina da tayar motarsa. Fuskarsa ta kumbura har ba a gane ta. Ya miƙo hannu ya taɓa ƙafar yayansa.

"Yaya, ka cece ni. Wallahi ka cece ni."

Tartsatsi ya ɗauke shi da mari da hannun da ya rage. Kan Auta ya bugu da ƙofar mota. Mai faci ya ce "Haba!" ya matso, sai kuma ya fasa, ya koma wajen tayoyinsa.

"Me ya sa ka kira sunana?"

"Suna dukana, Yaya. Ba ni da wani sunan da zan kira."

Tartsatsi ya juya maganar a ransa, bai gane ko ta sa ya ƙara jin haushi ko ta rage ba. Ya bar ta.

"Kai ka ba Baba ya cire tintin?"

"Ni ne."

"Ka gaya masa abin da na gaya maka? Ruwan ɗumi da tsumma?"

"Na manta."

"Da ka danna hitar, ka jira?"

"Ba ta aiki, Yaya, kai ma ka gani."

"Layuka biyu na sama suna aiki. Hannuna yana kansu. Na hango hular mai faci ta wurin." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ka jira?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Na baya yana ta yi mini hon. Fasinja suna ta magana." Ya haɗiye yawu da jini. "Ba wanda ya sani. Gilashin ya fashe."

"Na sani."

Tartsatsi ya dafa motar ya miƙe. Injin yana ta aiki tun ɗazu ba wanda ya kula, 'yar fitilar maɓallin hita tana nan a kunne. Ya zura hannu ta taga ya kashe, ya zare makullin ya sa a aljihu, inda ƙonannen fis ɗin yake.

"Tashi. Ofishin 'yan sanda za mu. In labari ya gama zaga tasha wasu za su dawo, kuma Mahauci ba ya nan."

"Me zan ce musu?"

"Ka danna, ba ka jira ba, ka yi baya ba ka gani."

"Tintin fa? In sun tambayi wa ya cire?"

Tartsatsi ya dubi ɓarɓashin gilashin da ya cika taɓo, ruwa yana wanke shi zuwa kwata.

"Naka za ka faɗa," ya ce. "Na tsohon ka bar masa."

Ya sa hannun dama a hammatar Auta ya ɗaga shi. Mai faci ya cire silifas ɗinsa ɗaya ya jefo wa Auta, suka fita cikin ruwan, kowa yana jingine da ɗan'uwansa.